Janice Lester da Kujerar Kyaftin

Ranar 3 ga Yuni 1969 gidan talabijin na NBC a Amurka ya haska kashi na ƙarshe na Star Trek, bayan shekara uku ana nuna shirin. Sunan kashin "Turnabout Intruder". Saura mako bakwai ɗan Adam ya taka wata, amma shirin da ya fi kowanne alfaharin hango gobe ya yi sallama da labarin macen da son mulki ya haukata.

Dakta Janice Lester tsohuwar budurwar Kyaftin Kirk ce. Ta samu wata tsohuwar na'ura a duniyar Camus II, ta yi musayar jiki da shi, ta hau kujerar jirgin Enterprise. Kafin nan ta yi sanadin mutuwar abokan aikinta. Tun a farkon kashin ta faɗa wa Kirk cewa duniyarsu ta kyaftin-kyaftin ba ta karɓar mata, shi kuma bai ƙaryata ta ba. Wannan jimla ɗaya ita ce ƙashin gardamar da masoya shirin suka shafe fiye da shekara hamsin suna yi.

Masu kare shirin suna cewa ba doka take nufi ba. A fahimtarsu ƙorafin masoyiya ne, wato zuciyar Kirk ce ba ta da gurbin mace saboda jirginsa. Wasu kuma suka ce ai mahaukaciya ce, ba a kafa hujja da zancenta. Mun daɗe muna son mu yarda da su, domin shirin ya shiga ranmu. Amma sake kallon kashin ba ya barin mu. William Shatner, yana taka rawar Lester a jikin Kirk, ya zauna yana goge farce, ya yi ta ihu a zaman shari'a, har ya yanke wa Spock da McCoy da Scott hukuncin kisa. Abin da aka nuna mana shi ne mace ba ta iya riƙe kanta idan ta samu iko. A ƙarshe Kirk ya tausaya mata, yana cewa da rayuwarta ta yi albarka kamar ta kowace mace. Kamar ta kowace mace, ba kamar ta kowane kyaftin ba.

Gene Roddenberry, mai shirin, shi ya ƙirƙiro wannan labari. Shi ne kuma ya sa mace, Majel Barrett, a matsayin mataimakiyar kyaftin a gwajin farko, "The Cage", wanda NBC ta ƙi karɓa a 1965. Ya sha faɗin cewa manyan gidan ne ba su so ganin mace tana ba da umarni ba. Herbert Solow da Robert Justman, waɗanda suka yi aikin tare da shi, sun musanta a littafinsu na 1996: a cewarsu, abin da ya dami NBC shi ne ya ba budurwarsa rawar. Ko wanne ne gaskiya, Barrett ta dawo shirin a matsayin nas.

Zamanin ma haka yake. Rasha ta aika Valentina Tereshkova sararin samaniya a 1963, Amurka ba ta aika mace ba sai Sally Ride a 1983. Marubuciyar shirin da ta fi shahara, Dorothy Fontana, da D. C. Fontana take sa hannu don kada a yi watsi da rubutunta tun daga suna. Ita ta rubuta "The Enterprise Incident" na 1968, inda muka ga mace tana jagorantar rundunar jiragen Romulan. Abokan gaba ne suka fara ba mace kujera. Ita ma dai da soyayyar Spock aka yaudare ta aka sace na'urar ɓatan dabonsu.

Akwai masu cewa duk wanda ya soki Lester so yake a daina rubuta muguwar mace. Servalan ta ishe mu amsa. A Blake's 7 na BBC, daga 1978 zuwa 1981, Jacqueline Pearce ta fito da gajeren gashi da dogayen fararen riguna, tana hallaka jama'a ba ko gezau, daga babbar kwamanda har ta zama shugabar daula. Ta fi Lester mugunta nesa ba kusa ba. Amma ba wanda ya ce ƙin zamanta mace ne ya lalata ta. Mulki take so, kuma ta iya shi. Ba mu wanke shirin tas ba, don shi ma ya sayar da kyanta ga masu kallo. Sai dai bai hukunta ta don ta nemi kujerar maza ba. A kashin ƙarshe jaruman ne aka bindige, ita ko bayyana ba ta yi ba.

Star Trek ta gyara ɓarnarta a hankali, ba tare da ta amsa laifi ba. A fim na huɗu, a 1986, Madge Sinclair 'yar Jamaika ta fito na 'yan mintoci a matsayin kyaftin ɗin jirgin Saratoga. A 1995 Kate Mulgrew ta ja ragamar Voyager har shekara bakwai. A 2004 kuma aka kawo Kyaftin Erika Hernandez a labarin da aka saita ƙarni guda kafin Kirk, abin da ya mayar da ƙorafin Lester ƙarya a tarihin shirin, shekara 35 bayan an sa shi a bakinta.