Tarihin lissafin juriyar bututu: karanta kafin ka sauya layi

Idan kai injiniyan kanikanci ne, ko na gine-gine, ko na sinadarai, kana son komawa lissafin juriyar bututu a harkar mai da gas, to kafin ka biya kuɗin koyon manhaja, tsaya ka ji inda sana'ar ta samo asali.

Tushen maganar shi ne zafi yana miƙar da ƙarfe. Bututu mai tsawon mita 100, idan zafinsa ya ƙaru da digiri 200, zai ƙara tsawon kusan santimita 25. Ka ɗaure shi gam a kai da gindi, to ƙarfin nan sai ya nemi mafita: ko walda ta tsage, ko bakin famfo ya karye. Aikinka shi ne ka san ta ina bututu zai motsa, ka ba shi hanya.

A Amurka aka fara tsara ƙa'idar abin. An soma aikin kundin B31 a 1926, bugun farko ya fito a 1935. Daga baya aka rarraba shi: B31.3 na matatun mai da masana'antun sinadarai, B31.4 na bututun ɗaukar mai, B31.8 na gas. A 1952 wani injiniya mai suna Markl ya fitar da sakamakon gwajinsa. Ya riƙa lanƙwasa gwiwoyi da mararrabar bututu, gaba da baya, har sai sun tsage, ya gano wurin da ƙarfe ke fara gajiya. Alƙalumansa sun shiga kundin, an shafe sama da shekara 60 ana aiki da su. A wancan zamani da takarda da fensir ake komai, littafin kamfanin Kellogg na 1956 kuwa shi ne abokin hirar masu sana'ar.

Yanzu ga abin da ya shafe ka kai tsaye. A 1974, a masana'antar sinadarai ta Flixborough da ke Ingila, ɗaya daga cikin tukwane shida na sarrafa sinadari ta tsage. Aka cire ta biyar, aka haɗa ta huɗu da ta shida da wani karkataccen bututu mai faɗin inci 20. Kowane gefensa akwai gaɓa mai miƙewa da takurewa kamar zugazugin maƙera, an kuma ɗora shi a kan ƙarafan da magina ke takawa. Zanen aikin? Da alli aka yi shi a daɓen shagon gyara. Kujerar babban injiniyan kanikanci babu kowa a kai lokacin. Manyan da ke wurin masu ilimi ne, amma na sinadarai, kuma babu wanda ya lissafa yadda matsi zai murɗa bututun. Ranar 1 ga Yuni wurin ya fashe, mutum 28 suka mutu.

Ka ga ke nan, digiri a wani fannin ba ya wadatarwa a wannan.

Daga shekarun 1980 kwamfutar tebur ta karɓi lissafin. Kamfanin COADE na Houston ya fito da CAESAR II, ga kuma AutoPIPE. Aikin makonni ya koma na mintuna. Sai dai fa manhaja abin da ka ba ta shi take lissafawa. Ka sa madogari inda babu shi a fili, za ta ce maka komai lafiya.

To ta ina za ka fara? Koma kan darasin ƙarfin kayan aiki, wanda ɗan kanikanci da ɗan gine-gine duk sun yi. Ka bambance nauyin da ke kan bututu kullum, da na miƙewar zafi, da na lokaci-lokaci kamar iska da girgizar ƙasa. Ka karanta B31.3, ka iya karanta zanen bututu, ka lissafa gwiwa ɗaya da hannu. Bayan nan sai manhaja.

Matatar Dangote da bututun gas na Ajaokuta zuwa Kaduna da Kano mai kilomita 614 sun isa su nuna maka sana'ar ba ta Turai kaɗai ba ce. Amma ka tuna, duk lissafin da ka sa wa hannu, akwai mai aiki a ƙarƙashin wannan bututun. Allah ya ba da sa'a.