Kaduna da Halin Biranen Bakin Teku

Abin da ya bambanta birane irin su Legas da Fatakwal da sauran garuruwa shi ne cewa hanyar fatauci ce ta raya su, baƙi kuma suka cika su. Idan aka yi amfani da wannan ma'auni, Kaduna ta fi kama da su fiye da yadda ta yi kama da Kano ko Zariya, duk da nisanta da teku. Layin dogo na Baro zuwa Kano ya ratsa nan a 1911, aka haɗe shi da na Legas, sannan Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru a 1917. Da layin Fatakwal ya iso, sai garin ya zama mahaɗar hanyoyin da ke kai amfanin gona da fatu bakin ruwa. Leburori da sojoji da akawu da 'yan kasuwa suka taru daga ko'ina, abin da suna irin Unguwar Kanawa ke shaidawa har yau.

Mai ja da wannan ra'ayi zai ce Kaduna ba ta da ganuwa ko tsohuwar fadar da za ta ja baƙo. Gaskiya ne, amma gadonta na ƙarni na 20 ne, kuma galibinsa yana arewacin kogin Kaduna. A nan ne zauren Lugard yake, inda majalisar Jihar Arewa ta zauna, da Gidan Arewa, mazaunin Sardauna Ahmadu Bello har zuwa kisansa a 1966, wanda ya zama cibiyar binciken tarihi a 1970, da gadar ƙarfen da aka ɗauko daga Zungeru aka kafa a lambun Gamji. Duk mai son sanin yadda aka haɗa Arewa ta zamani, nan ya kamata ya fara.

Hujja mafi nauyi ta masu ja ita ce rikicin addini na 2000, wanda ya sa Musulmi suka fi taruwa a arewacin garin, Kirista kuma a kudancinsa. Wannan rauni ne babba, amma bai yanke cinikayya ba, domin kasuwar Sheikh Gumi na karɓar mutanen ɓangarorin biyu, kuma tashar kayan teku ta kan tudu da aka buɗe a Kakuri a 2018 ta sabunta tsohuwar alaƙar garin da teku. Don haka wajibi ne hukumomi su adana gine-ginen tarihin nan, su kuma gina shirin jawo baƙi a kan tarihin cuɗanyar jama'a.