Soja, Mushe, Mai Garka: Shekara Casa'in Tsakanin Manomi da Icce

A ƙasar Mayahi da Tasawa, idan dattijo ya rasu, masu zaman makoki kan lissafa abin da ya bari: 'ya'ya, jikoki, gonaki. Akwai wasu tsofaffi da ake ƙara musu da itatuwa. Su ne waɗanda suka sa kakin sojan Faransa, suka dawo suka riƙe alli a lakwal ana ce musu Mushe, suka ƙare rayuwa a garka da guga a hannu. Ƙalilan suka rage, kuma wanda ya bi shekarunsu zai ga tarihin itatuwan jihar Maraɗi kaf.

Wanda aka haifa a 1935 sa'an dokar daji ne. A shekarar Faransa ta kafa wa ƙasashenta na Afirka ta Yamma dokar da ta sa daji a hannun hukuma, ta hana saran wasu itatuwa, ciki har da gawo. Manomi ya sare reshe a gonar da ya gada, ma'aikacin daji ya ci shi tara. Samun 'yanci a 1960 bai sauya wannan ba. To me zai sa mutum ya reni abin da zai jawo masa tara? Da tsiro ya leƙo sai a sa masa gatari tun yana ƙarami. Ga kuma gyaɗa, wadda ta arzuta Maraɗi a shekarun 1950 da 1960, ta sa aka share gonaki fes.

Yaron 1935 yana da shekara ashirin lokacin yaƙin Aljeriya, inda 'yan Nijar suka yi wa Faransa soja, har da Seyni Kountché. Sun dawo da Faransanci a baki, a ƙasar da yaran da ke lakwal ba su kai biyar cikin ɗari ba, don haka mai karatu da rubutu bai rasa aji. Fanshonsu kuwa Faransa ta daskarar da shi da dokar 1959, ba a daidaita shi da na takwarorinsu Faransawa ba sai tsakanin 2007 da 2011, bayan akasarinsu sun kwanta dama. Wannan zalunci ne, ba shi da wani suna.

Farin 1973 ya kashe dabbobi, ya buɗe wa iska hanya. Kountché ya karɓi mulki a Afrilun 1974, kuma daga 1975 ranar 3 ga Agusta ta zama ranar dashen icce. Malamai suka riƙa jera 'yan makaranta, kowa da ɗan dogon yaro a leda. Inuwar da ke farfajiyar makarantu da yawa yau daga nan take. Amma a fili, inda babu mai ban ruwa kuma akuya na jira, yawancin dashen bai ga damina ta biyu ba. Ƙasa ce ta yashi. Sunan garin El Alasan Mairairai ma ya faɗi haka.

Sai 1984, yunwar da mutanen yankin ke kira El Buhari, don ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya da gwamnatin Buhari ta yi. A watan Mayun shekarar aka yi babban taron yaƙi da hamada a Maraɗi. Shekara guda kafin nan, Tony Rinaudo, ɗan Ostareliya mai aiki da mishan ta SIM, ya tsaya rage wa tayoyin motarsa iska don ya ratsa yashi, ya lura cewa ɗan kurmin da ke gefensa kututture ne mai rai yana tofo. Saiwar na nan a ƙasa. Abin da ake buƙata shi ne a zaɓi tsiro biyu ko uku masu ƙarfi, a sassabe sauran, a kare su. Manoma suka raɗa wa wannan aiki suna sassabin zamani.

Ba a karɓe shi da guɗa ba. An yaɗa shi a ƙauyuka kusan ɗari ta hanyar ba da abinci a madadin aiki, kuma da abincin ya ƙare aka sare kashi biyu cikin uku na itatuwan. Waɗanda suka bar nasu an yi musu dariyar ƙazamar gona. Su ne suka fara samun itacen girki, da harawa, da gero mai kauri a gindin gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa shuka rana. Maƙwabci ya gani ya kwaikwaya. Hotunan tauraron ɗan'adam da Chris Reij da Gray Tappan suka nazarta sun nuna kimanin hekta miliyan 5 da itatuwa miliyan 200 a kudancin Nijar. Rinaudo ya karɓi kyautar Right Livelihood a 2018, tare da Yacouba Sawadogo na Burkina Faso, amma hannun manoma ne ya yi aikin.

Mai garka dabam yake da mai sassabe. Shi sai fadama, sai rijiya, sai shinge. Aikinsa aure: ya yanko reshen mangwaro mai kyau ya ɗaura a kan ɗan gida mai jure fari, ya jira shekara uku ko huɗu. Haka ake yi wa magarya yanzu ta ba da 'ya'ya manya. Wannan ilimi hannu da hannu yake tafiya, kuma tsohon malami ya fi kowa haƙurin nuna wa yaro inda zai sa wuƙa.

A watan Yulin 2020 gwamnatin Nijar ta fitar da dokar da ta amince cewa iccen da manomi ya rena a gonarsa yana da haƙƙi a kansa. A lokacin yaron 1935 yana da shekara 85.