Gidajen Manoma na Katako a Ƙauyukan Shirakawa da Gokayama na Japan

A kwarin Kogin Sho da ke tsaunukan tsakiyar Japan akwai ƙauyuka uku da suka yi suna wajen tsofaffin gidajen manoma na katako: Ogimachi a lardin Gifu, da Ainokura da Suganuma a lardin Toyama. Hukumar UNESCO ta sanya su cikin wuraren tarihi na duniya a shekarar 1995.

Ana kiran salon ginin gassho-zukuri, domin jinkarsa ta yi kama da tafukan hannu biyu da aka haɗa wajen addu'a. Yankin na fama da dusar ƙanƙara mai yawa, shi ya sa ake tsayar da jinkar da tsini sosai, don dusar ta riƙa zamewa kada nauyinta ya danne gidan.

Kafintoci ne ke haɗa ginshiƙai da katakon ƙasan gidan, amma jinkar aikin mazauna ƙauye ne. Ba a buga mata ƙusa. Ana ɗaure manyan itatuwanta da igiyar kara da rassan itace masu lanƙwasa, sai ginin ya ɗan motsa da iska ko girgizar ƙasa ba tare da ya karye ba. Hayaƙin murhun da ke tsakar ɗaki yana tashi ta tsagogin dabe ya busar da ciyawa, ya kori ƙwari, ya ƙara wa igiyoyin ƙarko. A benayen da ke ƙarƙashin jinkar ne iyalai suka riƙa kiwon tsutsar siliki, a ƙarƙashin dabe kuma suna sarrafa gishirin haɗa albarushi.

Sake baibayar irin wannan jinka ya fi ƙarfin gida ɗaya. A al'adance ana yin sa ne ta hanyar yui, wato aikin gayya, inda maƙwabta ke taruwa su gama da sauri.

Gidaje da dama sun salwanta a tsakiyar ƙarni na 20 sakamakon gina madatsun ruwa da ƙaurar jama'a zuwa birane. A 1971 mazauna Ogimachi suka kafa ƙungiya bisa sharaɗi uku: ba sayarwa, ba bayar da haya, ba rushewa. Gobara ce babbar barazana, don haka aka kafa bututun feshin ruwa a ƙauyen, ana gwada su kowace shekara. Raguwar matasa kuwa na rage hannayen da gayyar ta dogara da su.