Awa huɗu da rabi: tarihin maganin narkar da gudan jini

Shekarun baya, wata ɗalibata mai shekara 15 ta saki alli a gaban allo, baki ya karkace, magana ta sarƙe. A nan Barmu aka ce iska ce. Aka kwana biyu ana turare da rubutu kafin a kai ta Tawa. Har yau tana jan ƙafa. Abin da ya sa na bi diddigin maganin shanyewar ɓarin jiki ke nan.

Tun 1658 likita Johann Wepfer ya nuna cutar iri biyu ce: ko jijiyar ƙwaƙwalwa ta fashe, ko ta toshe. A 1933 William Tillett a Amurka ya gano wata ƙwayar cuta na fitar da sinadarin da ke narkar da gudan jini. Sai dai wanda jijiyarsa ta fashe, irin wannan magani ajalinsa ne, kuma likita ba ya iya bambancewa da ido. Na'urar hoton ƙwaƙwalwa da Godfrey Hounsfield ya ƙera, wadda aka fara gwadawa kan majinyaci a Landan a 1971, ita ta buɗe ƙofar.

A 1995 gwaji ya tabbatar allurar alteplase na amfani cikin awa 3 da kamuwa. A 2008 wa'adin ya kai awa 4 da rabi. Duk a kan manya aka gwada. Gwajin yara masu shekara 2 zuwa 17 an rufe shi a 2013 don rashin majinyata, wani ɓangare saboda ana kawo su a makare. Su ma can suna ganin cutar tsofaffi ce.

A ƙasar Hausa, babban sanadin a wajen yara shi ne sikila, wadda muke kira amosanin jini. Su ƙarin jini ko musanya shi ake fara yi musu. A Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, bincike ya nuna awon jijiyoyin kai da ƙwayar hydroxyurea na rage haɗarin tun bai zo ba.

Malamai da iyaye, namu aikin kiyaye lokaci ne. In baki ya karkace, hannu ya saki, harshe ya yi nauyi, a duba agogo, a nemi mota. Addu'a a yi ta a hanya. Allah ya kare mana zuri'a.