Daga Buhun Wuri Zuwa Waya: Yadda 'Yan Kasuwar Suleja Ke Ajiye Lissafi

Wambai sarauta ce tun kafin ta zama sunan unguwa a Suleja. Tana cikin sarautun da Zagezagi suka taho da su kudu bayan Sarki Makau ya bar Zariya a farkon ƙarni na 19. Ƙanensa Abu Ja ne ya kafa garin a 1828, aka kira shi Abuja, sai da aka zaɓi wurin sabon babban birnin tarayya a 1976 aka ba birnin sunan, tsohon gari ya koma Suleja don karrama Sarki Sulaimanu Barau.

A zamanin Sarki Abu Kwaka, daga 1851 zuwa 1877, aka buɗe hanyar ciniki da Bida da Zariya. Kuɗin wancan lokaci wuri ne, kuma ƙirga shi sana'a ce mai zaman kanta. A Kano, a 1851, sai mutum ya zube wuri 2,500 kafin a ba shi dala guda ta azurfa. Bashi kuwa a ka ake riƙe shi, da shaidu, da fatoman da bafatake ya sauka a gidansa. Wanda ya yi karatun allo yakan ɗan rubuta da ajami. Matsalar tsarin ɗaya ce, amma babba: ranar da mai gida ya rasu, rabin lissafin ya bi shi kabari, magada su yi ta rantse-rantse a gaban alkali.

Turawa sun shigo a 1902, da su da sulalla da rasit ɗin haraji da baitulmali. Daga nan littafin bashi ya samu gindin zama a kanti: suna a hagu, kuɗi a dama, a ja layi in an biya. Ko da naira ta maye gurbin fam a ranar 1 ga Janairun 1973, tsarin littafin bai canza ba. Littafin ya fi ƙwaƙwalwa amana, sai dai gara na ci, ruwa na jiƙawa, gobara kuma ba ta barin ko shafi. Ga wahalar nema: a tambayi mai shago a Kasuwar IBB nawa ake bin wani tun bara, sai ya yi ta lasar yatsa yana juya takardu.

Wannan wahala ce masana kwamfuta suka magance da rumbun bayanai. Edgar Codd na kamfanin IBM ya fito da tsarin jera bayanai a tebura masu alaƙa da juna a 1970. MySQL ta bayyana a 1995, PostgreSQL ta ɗauki sunanta a 1996, duka biyun kuma suna buƙatar sabar da ke kunne. SQLite, wadda Richard Hipp ya rubuta a 2000, ba ruwanta da sabar: fayil guda ne, kuma tana cikin kowace wayar Android da iPhone.

Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tura har masu sayar da tumatir karɓar taransifa, shagunan POS suka cika layuka. Yanzu matasan da ke haɗa wa kantuna manhaja su ne ke yanke hukuncin inda lissafi zai kwana, kuma da yawansu na zaɓar abin da manyan kamfanoni ke amfani da shi don burgewa. Kuskure ne. Kanti ɗaya mai kwamfuta ɗaya, a garin da wuta ke ɗaukewa kuma sabis ke rawa, SQLite ta ishe shi. Mai rassa a Suleja da Madalla da Zuba, wanda yaransa ke shigar da ciniki lokaci guda, shi ne ke da dalilin biyan kuɗin sabar da za ta ɗauki PostgreSQL.

Duk wanda za a haɗa wa manhaja, kafin ya biya ko sisi, ya sa a nuna masa inda kwafin bayanansa ke zuwa kullum, a kuma dawo da shi a wata waya a gaban idonsa.