TSUNTSAYEN TSIBIRAN SAO TOME DA PRINCIPE DA SANA'AR KALLON TSUNTSAYE

Gabatarwa

A wannan shafi mun kawo wa jama'a bayani game da tsuntsayen ƙasar Sao Tome da Principe, wadda ke maƙwabtaka da Nijeriya ta cikin teku. Da yawa daga cikinmu mun san sunan ƙasar ne ta dalilin yarjejeniyar haƙar mai ta haɗin gwiwa da ta ƙulla da Nijeriya a 2001. To amma a wurin masana halittu, abin da ya ɗaukaka sunanta shi ne tsuntsayenta, domin tana da kimanin nau'i 28 waɗanda ba a samun su a ko'ina a duniya sai can.

Wurin da tsibiran suke

A Mashigin Tekun Gini akwai jerin tsibirai huɗu da aman wutar duwatsu ya samar, a kan layi ɗaya da Dutsen Kamaru. Su ne Bioko da Principe da Sao Tome da Annobon. Na farko da na ƙarshe mallakar Ikwatoriyal Gini ne, biyun tsakiya kuwa su ne ƙasar Sao Tome da Principe, wadda ta sami 'yancin kai daga Fotugal ranar 12 ga Yuli, 1975. Faɗinta bai wuce kimanin murabba'in kilomita 1,000 ba, mutanenta kuma sun haura 200,000.

Ƙasa ce mai tsaunuka da duhuwar daji. Dutsenta mafi tsawo, wato Pico de Sao Tome, ya kai mita 2,024. Kudu maso yammacin tsibiran na samun ruwan sama mai yawan gaske, arewa kuwa da sauƙi. Daga Yuni zuwa Satumba ake samun rani, wanda mutanen wurin ke kira garabana.

Dalilin keɓantar tsuntsayen

Tsibirin Bioko ya taɓa haɗewa da gaɓar Afirka a zamanin da ruwan teku ya ja baya, don haka yawancin tsuntsayensa irin na Kamaru ne. Sao Tome da Principe kuwa ba su taɓa haɗewa da nahiyar ba, akwai fiye da kilomita 200 na teku mai zurfi a tsakani. Tsuntsayen da iska ta kai can tun zamanin da, sun hayayyafa su kaɗai na tsawon lokaci, har siffarsu da kukansu suka bambanta da na danginsu na nahiya. Haka kuma babu mutum a tsibiran har sai da Turawan Fotugal suka isa wajen shekarar 1470.

Wani abin lura shi ne, a irin waɗannan tsibirai ƙananan tsuntsaye kan ƙara girma, manya kuma su ƙanƙance. Tsuntsun da ya fi girma a duniya cikin dangin masu shan zumar fure a Sao Tome yake. Haka nan akwai wani ƙaton tsuntsu masaƙi, ɗan'uwan waɗanda ke rataye sheƙarsu a rassan itatuwanmu.

Tsuntsayen da ke bakin ƙarewa

Ƙungiyar kare halittu ta duniya, wato IUCN, ta sanya waɗannan tsuntsaye huɗu a matakin haɗari mafi tsanani kafin ƙarewa:

1. Ƙaramin jinjimi na Sao Tome. Yana cikin mafi ƙanƙanta a danginsa, kuma a ƙasan daji yake kiwo, yana tsinto tsutsotsi da baki. Mutanen wurin na kiransa galinyola. An daɗe ba a gan shi ba sai a 1990. Maharba na kashe shi saboda nama.

2. Kanari mai kaurin baki. Shi ne kanari mafi girma a duniya, launinsa ja-ja ne mai duhu. Wani masani ɗan Fotugal, Francisco Newton, ya samo guda uku tsakanin 1888 da 1890. Daga nan aka shafe shekara ɗari babu labarinsa, har aka zaci ya ƙare, sai a 1991 aka sake ganinsa kusa da kogin Xufexufe.

3. Tsuntsun Newton, wanda masana ke kira Lanius newtoni. Bayansa baƙi ne, cikinsa ruwan ɗorawa mai haske, ƙwari yake ci. Danginsa na nahiya a fili suke zama, shi kuwa a cikin duhuwa. Bayan ganinsa a 1928, ba a sake samunsa ba sai a 1990.

4. Tsuntsun Principe mai rawayan baki, wato Turdus xanthorhynchus. Ba shi da tsoron mutum, abin da ya sa kashe shi ke da sauƙi. A dajin kudancin Principe kaɗai ya rage.

Sabuwar mujiyar Principe

Tun 1928 akwai rubutaccen bayani cewa mutanen Principe na ba da labarin wata ƙaramar mujiya a dajinsu, amma babu masanin da ya gan ta. A 2016 wani mai kallon tsuntsaye ɗan Beljiyam, Philippe Verbelen, ya ɗauki hotonta, a 2022 kuma masana ƙarƙashin jagorancin Martim Melo suka tabbatar da ita a matsayin sabon nau'i. Suka raɗa mata suna Otus bikegila, don girmama Ceciliano do Bom Jesus, wanda ake yi wa laƙabi da Bikegila. Wannan bawan Allah a da sana'arsa ɗebo 'ya'yan aku daga kogon itace, a nan ne ya taɓa cin karo da mujiyar. Daga baya ya bar wannan sana'a ya koma ja-gora a gandun daji, kuma sanin dajinsa ne ya kai masana gare ta. Yankin da mujiyar ke zaune bai wuce kimanin murabba'in kilomita 15 ba, shi ya sa masanan suka nemi a sanya ta a matakin haɗari mafi tsanani.

Abubuwan da ke barazana

Na farko shi ne sarar daji. An fara share dajin gangare domin noman rake a ƙarni na 16, sannan kofi da koko a ƙarni na 19, har ƙasar ta zama kan gaba a duniya wajen fitar da koko a farkon ƙarni na 20. Abin da ya tsira shi ne dajin tsaunuka masu wuyar hawa. Daga 2009 kuma aka ba da filaye masu faɗi a kudancin Sao Tome domin noman kwakwar manja, daf da mazaunin ƙaramin jinjimi. Yankan katako da ƙona gawayi na ƙara cin gefen dajin.

Na biyu shi ne dabbobin da mutane suka shigo da su, kamar ɓeraye da kyanwa da aladu da birai da tunkun juda. Tsuntsayen tsibiri ba su saba da su ba, don haka ƙwai da 'yan tsaki na zama abincinsu.

Na uku shi ne farauta da kamu. Aku mai jar wutsiya, wanda hotonsa ke kan tambarin ƙasar tare da shaho, ya sha kamu a Principe domin sayarwa. A taron yarjejeniyar CITES na 2016 aka hana cinikin akun daji tsakanin ƙasashe, kuma Nijeriya na cikin ƙasashen da wannan yarjejeniya ta hau kansu.

Matakan kariya

A 2006 gwamnatin ƙasar ta kafa gandun daji na Obo a tsibiran biyu. A 2012 hukumar UNESCO ta sanya Principe cikin yankunan da ake kiyaye halittunsu tare da rayuwar mazauna. Ƙananan tsibiran Tinhosas da ke kudu da Principe, inda dubban tsuntsayen teku ke yin ƙwai, su ma suna ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar.

Yadda ake kallon tsuntsaye

Baƙi na zuwa daga ƙasashe masu nisa da madubin hangen nesa da kyamara, burinsu kawai su ga tsuntsun da ba su taɓa gani ba su rubuta sunansa. A Sao Tome sukan fara daga lambun Bom Sucesso su bi hanyar Lagoa Amelia. Masu neman jinjimi da kanari da tsuntsun Newton sai sun kwana a dajin kudu, wajen Monte Carmo. Ƙa'idojin da aka saba bi su ne:

a. A fita da sassafe, lokacin da tsuntsaye ke kuka da kiwo.
b. A ɗauki ja-gora ɗan gari, a biya shi haƙƙinsa.
c. A yi shiru, kada a matsa kusa da sheƙa.
d. Kada a yawaita kunna kukan tsuntsu a na'ura don janyo shi.

Kuɗin baƙin na shiga hannun ja-gora da masu dako da masu abinci da masauki. Tsuntsun da aka harbe sau ɗaya ake cin moriyarsa, wanda aka bari a daji kuwa kowace shekara yana kawo baƙo.

Kammalawa

Mu ma muna da wuraren da masu wannan sha'awa suka sani, musamman fadamun Hadeja da Nguru, inda tsuntsayen Turai ke sauka lokacin hunturu. Muna jan hankalin shugabannin ƙananan hukumomi da hakimai da dagatai da cewa duk inda za a keɓe daji ko fadama, a fara tuntuɓar maharba da masunta da makiyaya, domin su ne suka san inda kowane tsuntsu ke kwana, kuma a tanadar musu abin yi a cikin aikin kariyar. Jama'a kuma su guji sayen aku da sauran tsuntsayen daji da doka ta hana kamawa.